Motar Yaya tana ƙas-ƙas, bakanike kuma surukina ne

Assalamu alaikum. Ni direba ne a nan Maraɗi, ina jigilar fasinja zuwa Tasawa da wata Corolla ƙirar 2001 mai injin VVT-i. Motar ta yayana ce da ke kasuwanci a Yamai, amana ya ba ni, duk ƙarshen wata ina aika masa rabonsa. Sati uku ke nan injin yana wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar keken ɗinki. Da fari da safe kawai take yi, in inji ya ɗau zafi ta lafa. Yanzu ba ta lafawa duka, in na taka totur kuma sai ta ƙara sauri. Ba zan ɓoye maka ba, na wuce lokacin juyen baƙin mai da wajen kilomita 4,000 saboda hidimar suna, kuma ranar da na zaro geji, man ko layin ƙasa bai kai ba. Sau ɗaya jar fitilar mai ta ɗan ƙifta a Agye da tsakar rana, ina tsaye ina sauke fasinja.

Bakanikena yayan matata ne, shekara shida shi ke duba mini mota, sau da yawa ko kuɗin hannu ba ya karɓa. Ya saurara ya ce ba komai, a zuba baƙin mai mai kauri da wani magani kamar zuma, ƙarar za ta ɓace. Wani bakanike da na kai wa a ɓoye ya ce sai an sauke inji, jika 250. In na bar motar a wani gareji surukina zai ji, gida ya yi tsami. In na faɗa wa Yaya ina tsoron ya karɓe motar, ita ce abincin ƴaƴana huɗu. Barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Direba, daga Maraɗi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya abin da aka samu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wurin da na fi daɗewa a kai shi ne inda ka ce ba za ka ɓoye mini ba. Mutane da yawa in sun zo da irin wannan magana sai su ce ƙarar haka kawai ta fara, kamar saukar aradu. Kai ka faɗi kilomita 4,000, ka faɗi geji, ka faɗi fitila. Da wannan gaskiyar rabin binciken ya ƙare, kuma ita ce za mu yi aiki da ita har wurin Yaya.

Ka fara da kwantar da hankali a kan abu guda: ƙas-ƙas ba ita ce mutuwar inji ba. Injuna da yawa suna yin ta shekara da shekaru suna cin hanya. Abin da ya hana ni ce maka ka yi barcinka shi ne fitilar nan ta Agye. Wannan jar fitila mai hoton buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura man da shi take gani, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas. Inji ya sha zafin hanya tun daga Maraɗi, man ya tsinke kamar ruwa, mota tana sulo, wato tana tsaye inji na aiki, famfo yana juyawa a hankali, ga man kuma bai kai layi ba, a daidai irin wannan lokacin take ƙiftawa. Yana yiwuwa ƙarancin man ne kawai ya sa famfon ya zuƙi iska. Yana yiwuwa kuma rariyar da ke bakin famfon ta toshe da dauɗar tsohon mai, ko ƙarafan ƙasa, wato waɗanda karanshaf, babbar sandar ƙasan inji, ke juyawa a kansu, sun fara ci. Kunne ba zai raba maka waɗannan uku ba, komai ƙwarewar mai shi. Saboda haka roƙona na farko, kada ka sake ɗaukar ran mutane ka hau hanyar Tasawa sai an auna. Injin da ya kama a tsakanin Cadawa da Agye, da mata da yara a ciki, cikin ranar da ke wuce digiri 40, ya fi kwana biyu na zaman gida tsada.

Yanzu ga abin da nake ganin ya haɗa bakaniken nan biyu, duk da maganarsu ta yi hannun riga. Ɗaya ya ce a rufe bakin ƙarar, ɗaya ya ce a farke cikin injin, amma babu wanda ya auna komai a cikinsu. Duka biyun da kunne suka yanke hukunci. Ƙara kuwa kamar zazzaɓi ce, alama ce, ba ita ce cutar ba. Wanda ya ce jika 250 tun bai kwance ko murfin sama ba, ka riƙe maganarsa a gefe. Ban ce macuci ne ba, wataƙila ya sha ganin irin wannan injin a lalace, amma ba a yanka sa don a ga abin da ya ci jiya.

Akwai binciken da kai da kanka za ka iya gobe da asuba, ko dala ba za ka kashe ba. Ka kwana da motar a wuri mai daidai, ba gangara ba, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta don ka ga ko tana ɗiga. Kafin ka tayar, ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin layin sama da na ƙasa lita ɗaya ce da ɗan abin da ya ɗara, injin naka gaba ɗaya kuma bai cika shan lita 4 ba, ka ga ke nan ranar nan da wajen kashi ɗaya cikin uku na mansa ya ɓace. Ka cika shi zuwa layin sama, kada ka wuce. Sai ka buɗe bonet, wani ya tayar maka, kai kuma ka tsaya ka saurara. In ka ji ƙarar-rar na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta yi shiru, wannan yawanci sarƙar taimin ce ko giyar VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, su biyun sai mai ya iso gare su suke natsuwa. In kuma ta ci gaba, sai ka nemi doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta a jikin inji, ka kanga kunnenka a mariƙinta. Za ka yi mamakin yadda ƙarfe ke kawo magana. Sai dai don Allah ka cire babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, rawani ma a ajiye shi, domin bel ba ya sabo, fankar nan kuma ta lantarki ce, tana tashi da kanta ba sallama.

Ka bi wurare kaɗan-kaɗan. Ƙarar da ke fitowa daga murfin sama, siririya, mai tsari kamar keken ɗinkin da ka ambata, ta ɓangaren bawul ce, abin da bakanikenmu na nan ke kira sufaf. Sandar da ke danna su tana juyawa sau ɗaya ne in karanshaf ya juya sau biyu, shi ya sa in mota tana sulo a kan juyi 800 a minti, bawul ɗaya mai sako-sako zai buga sau shida ko bakwai a daƙiƙa, kana iya binsa da kunne. Ka ɗora sukundirebar a kan nozul ɗin da ke fesa isansi, za ka ji su ma suna cak-cak, wannan aikinsu ne, lafiyarsu ƙalau, kada wani ya sayar maka da sababbi a kan haka. Sannan ka leƙa inda bakin salansa ya manne da inji. Ina jan hankalinka nan sosai, domin yadda ka ce da fari da safe take yi sannan ta lafa in ya yi zafi, haka ɗigon hayaƙi a wannan mahaɗa yake yi: ƙarfe yana sanyi akwai ƴar kafa, ya ɗau zafi ya kumbura kafar ta rufe, har ranar da ta yi girman da ba ta rufuwa. Alamarsa baƙin gawayi a gefen mahaɗar, ko kusa da ta karye, ko warin hayaƙi a cikin mota. Hanyoyinmu da ramukansu suna yawan jawo shi. In shi ne, gyaransa ba ya buƙatar sauke inji. Buji ma in ya kwance yakan yi tsit-tsit irin wannan, ɗaure shi minti biyar ne.

Wadda ba ma so ita ce ta ƙasa. Ita ba siririya ba ce, nauyi gare ta, ƙwal-ƙwal ko dum-dum kamar ana buga guduma a cikin tukunya, tana ƙaruwa in inji ya yi zafi, kuma tana fitowa fili in ka taka totur ka saki. Yadda ka kwatanta taka bai yi kama da ita ba, wannan ya ba ni fata. Akwai kuma wata da direbobi ke rikita ta da waɗannan, ƙarar tsakuwa a gwangwani da ke zuwa kawai in ka cika mota kana hawan tudu da babbar giya. Wannan ta man sha ce, wato isansi. Kowa ya san yadda ruwa-ruwa, man kwalba na bakin hanya, yake, wata kwalbar ta gari, wata an yi mata haɗi. Ka sha na gidan mai tanki ɗaya cur ka ji ko ta canza.

Sauran binciken sai gareji, kuma a nan maganar surukinka ta shigo. Bari in yi masa adalci tukuna. Cewa a zuba mai mai kauri ba hauka ba ne. A zafin Maraɗi, injin da ya haura shekara 20 in an ba shi 15W-40 ko 20W-50 na kirki ba a yi laifi ba. Kuma ina kyautata zaton tausayinka ne ya sa ya faɗi haka, ya san an yi suna, ya san aljihunka, ƙanwarsa ce a gidanka, ya nemo maka hanyar da ba za ta ci kuɗi ba. Inda na rabu da shi shi ne zumar nan, da kuma niyyar. Maganin yana ƙara wa mai danƙo ne har ya toshe kunnenka, abin da ke ci a ciki yana nan yana ci. Injin naka kuma yana da ƴan siraran hanyoyin mai da wata ƴar rariya da ke ciyar da VVT-i, da safiyar hunturu man da ya yi danƙo yakan makara kafin ya iso sama. Ƙari a kan haka, wasu motoci suna da matattaran bawul masu cika kansu da mai, su ne magani da sabon mai ke iya yi wa tasiri. Taka ba ta da su. Nata ƙarfe ne zalla kamar ƴan kofuna, in tazara ta buɗe sai an auna an canza kofin da mai kaurin da ya dace. Ba irin tsohuwar Starlet ba ce da ake ɗaure kusa a wuce. Babu zumar da ke cike gurbin ƙarfen da ya tafi.

Kada ka je masa da cewa wani ya ce kaza. Bakanike ya fi jure rashin biya a kan jin an kai aikinsa wani wuri a ɓoye. Ka same shi da sassafe kafin yara su cika garejin, ko ka bi shi gida bayan isha'i, ka ce: Akwai abin da ban gaya maka ba ranar nan, fitilar mai ta ƙifta mini a Agye, kuma motar nan ka san amana ce, ina so mu auna kafin mu zuba komai, don in sami abin da zan faɗa wa mai ita. Ina da yaƙinin bai san da maganar fitilar ba, domin a wasiƙarka ba ka ce ka gaya masa ba. Bakaniken da ya shekara shida a kan motarka in ya ji wannan, da kansa zai canza magana, kuma ka ba shi ƙofar canzawa ba tare da ya ji kunya ba.

Abin da za ku yi tare ba shi da yawa. A juye man a cikin roba mai tsabta, a fito da shi rana a karkata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla ko azurfa, ƙarafan ƙasa sun fara ci. A yanka tsohuwar filta a duba cikinta ita ma. A zuba sabon mai na galan rufaffe daga wurin da ka amince, ba na awo a kwalba ba, da sabuwar filta ta kirki, domin filta maras kyau tana barin mai ya koma ƙasan inji cikin dare, da safe sama ya tashi a bushe. Sannan babban aikin: a cire ƴar na'urar da ke kunna jar fitilar, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinta, a bar inji ya yi zafi sosai. Ƙa'idar irin wannan injin ita ce kada awon agogon ya gaza bar 0.3 a sulo, in an kai injin juyi 3,000 a minti kuma ya ba da wajen bar 3 zuwa 5. In surukinka ba shi da agogon, to ga hanyar da za ta raba ka da tsamin gida: shi zai zaɓi garejin da za a ara, ko ku tafi tare da shi. Bakanike suna aron kayan juna kullum, ba abin kunya ba ne, kuma in da ƙafarsa aka je, ba wanda zai ce ka tsallake shi.

In awo ya fito daidai, mai kuma ba ƙyalli, ka yi hamdala, ƙasa lafiya. Sai a bar injin ya huce a buɗe murfin sama a auna tazarar bawul da ƴan siraran ƙarafan awo: na shigar iska milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. A duba sarƙa da abin da ke ɗaure ta tun da an buɗe. In awon ya yi ƙasa, kada a yi saurin sauke inji, a fara kwance kaskon mai na ƙasa a duba rariyar famfo. Injin da aka wuce masa juye a ƙurar ƙasar nan yakan tara baƙar laka a wurin, wanke ta kaɗai kan dawo da ƙarfin. Wani zai ce a zuba gazuwal a tayar don ya wanke ciki. Kada ka yarda, yana ɓamɓaro dauɗar ne ya kai ta inda za ta fi ɓarna. In kuwa ƙarar ƙasa ce, ana gane silindar da ke yi ta hanyar cire wayar nozul ɗaya bayan ɗaya, inda ƙarar ta lafa nan ciwon yake. A wannan matakin ne kawai maganar kuɗi mai nauyi ta halatta, kuma ko a nan akwai zaɓi: in karanshaf bai ji rauni ba a canza ƙarafan kawai, in ya ji a kai shi a gyara, ko a kwatanta kuɗin da na injin da aka sauko da shi daga waje. Wannan hukuncin na mai mota ne, ba naka ba, ba na bakanike ba.

Ga mu ke nan a wurin Yaya, wanda na san shi ne ainihin abin da ke hana ka barci, ƙarar inji sanadi ce kawai. Ka sa kanka a matsayinsa. Yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, dukiyarsa tana hannun ƙaninsa. Wanne zai fi yi masa ciwo, a kira shi yau a ce mota tana ƙara, mun tsayar da ita muna aunawa, ko a kira shi wata mai zuwa a ce inji ya fashe a Gazawa, sannan ya ji a bakin ƴan tasha cewa ta yi wata biyu tana kuka? Kuma zai ji, tasha ba ta riƙe sirri. Na farkon direba ne mai kula, na biyun shi ake karɓe wa makulli. Ka kira shi da bakinka, kada ka aika saƙo a rubuce. Ka ɗauki ƙarar a waya ka tura masa ta WhatsApp ya ji da kunnensa. Ka faɗi naka laifin a jimla ɗaya, ba kwana-kwana: na makara da juye saboda hidimar suna, kuskurena ne. Zai yi faɗa, yayanka ne, haƙƙinsa ne, ka yi shiru ka sha. Sannan ka ce kuɗin juye da awo kai za ka ɗauka, in babban aiki ya fito kuma a riƙa cire wani abu daga rabonka har ka biya kason da kuka daidaita.

Akwai gaskiyar da za ka haɗa masa da ita, ba don wanke kai ba. Injunan Toyota na wannan zubin, na farkon shekarun 2000, an san su da shan mai in sun tsufa, zoben fistin ɗinsu yana daskarewa, mai ya riƙa ƙonewa tare da isansi ko da ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Wato ko da ka yi juye a kan lokaci, motar nan tana buƙatar a zaro mata geji kowace safiya kamar yadda kake duba ruwa da taya. Yaya ya kamata ya san haka, domin lita ɗaya ko biyu na ciko a wata kuɗin mota ne, ba na aljihun direba ba. Ina zargin ma yarjejeniyarku ba ta taɓa faɗin wanda ke biyan juye ba, shi ya sa da suna ya zo, kuɗin man ya bi rago. Ku gyara wannan yanzu: kowace rana kafin a raba komai, a ware wani abu na mota a ajiye a hannun wanda ba ya jin kunyar hana ka. Juye kuma kada ya wuce kilomita 5,000 a irin hanyarka da ƙurarka, ka rubuta lambar a takarda ka manna inda idonka ke faɗawa.

Uwargida kuma kada ka bar ta a duhu, kada kuma ka mai da ita ƴar aike tsakaninka da yayanta. Ka gaya mata motar za ta kwana biyu a gida da dalilin haka, don ta san yadda za ta ja cefane. In awo ya nuna ƙasa lafiya amma gyaran sama zai jira kuɗi, kana iya ɗan taɓa gajerun hanyoyi kamar Tibiri ko Madarunfa, ba lodi mai nauyi, galan ɗin ciko a but, idonka a kan fitila. In ta ƙifta ko sau ɗaya, ka sauka gefe ka kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa tasha.

Ka rubuto mini abin da agogon ya nuna a sulo da kuma a 3,000, da abin da kuka gani a cikin man, sai mu san mataki na gaba. A gai da mai jego da jariri.